Kiɗan Dobri Zlatarov

Yatsun tsohon suka tsaya cak a tsakiyar kiɗan. Ya koma farko, ya zo daidai wurin, suka sake tsayawa. Mounira ta ajiye tiren magani, ta ga gumi na tsattsafowa a goshinsa.

"Ya tafi," ya ce da Turancinsa mai nauyi. "Jiya yana nan."

Tun shigowar bazara kamfanin kula da tsofaffi ya turo ta wannan ɗan gida a Glenwood, a ƙasar Amurka. Sunan tsohon Mista George, mutumin Bulgariya, ya haura tamanin, ba mata ba ɗa, ciwon mantuwa na cin sa a hankali. Yakan manta ko ya ci abinci. Amma in ya zauna gaban fiyano, har ɗaliban da ke haya a maƙwabta sukan yi tsit.

Labarin asalin kiɗan kuwa guntu-guntu ta tsince shi daga bakinsa. Dobri Zlatarov ɗan makiyayi ne, ya taso yana busa sarewa a bayan tumaki, ya shigo birnin Sofiya ya zama mai tsara kiɗan da ake bugawa a manyan zauruka. Sai gwamnatin wancan zamani ta ce kiɗansa na warin ƙasashen Yamma. Aka kama shi, aka ƙone takardunsa kaf a tsakar gida, aka karya masa yatsu.

"Dobri bai yi kuka ba," tsohon yakan ce, idonsa a bango.

Mounira ba ta yi mamaki ba. Kakarta a Maraɗi ma, da tsufa ya kama ta, haka take ba da labarin kanta kamar na wata. Ta kuma san mutane da dama da suka sauya suna bayan sun tsallako teku. Takan dubi dogayen yatsunsa miƙaƙƙu, ta jinjina wa likitocin Amurka a ranta.

Kiɗan ne damuwarta. Ba ya rubuce a ko'ina, yana cikin kan tsohon kawai, kan kuwa yoyo yake. Duk ranar da wani yanki ya ɓace masa, ba ya taɓa abinci, sai ya zauna yana dukan cinyarsa. Ta fara ɗaukar kiɗan da wayarta.

"Wallahi kamfani zai iya korarki," in ji mijinta Chaïbou. "Ba aikinki ba ne."

"Bon, su kore ni. An ƙone wa bawan Allah aikinsa a da, ba zan zuba ido ya sake salwanta a gabana ba."

Ta kai wa wata malamar kiɗa a jami'a abin da ta ɗauka. Malamar ta sa shi a intanet da sunan Dobri Zlatarov. Da Mounira ta gaya wa tsohon cikin murna, sai ya sa ta sauke labulaye, ya ce kada ta kuskura ta buɗe wa mai jin yarensu ƙofa. Ta ɗauka tsoron da ne bai sake shi ba.

Ran wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce mai furfura, ta ce a intanet ta ji kiɗan, ta bi sawu ta wurin malamar, daga Chicago ta taso, sunanta Nevena, 'yar Dobri ce. Ƙwalla ta cika idon Mounira. Gargaɗin ya fice mata daga rai, ta ja matar har falo.

Tsohon na kiɗa, ya ba su baya. Nevena ta tsaya, leɓenta na bin sautin, hawaye na zuba ba ta share ba. Can ta ambaci sunanta da ƙarfi. Ya juyo a firgice, fuskarsa ta yi fari fat, hannuwansa suka zame daga fiyanon.

Ta jefa masa gajeriyar magana da yarensu, muryarta a kausashe. Ya sunkuyar da kai, ya juya ya ci gaba da kiɗan.

"Ki ci gaba da ɗauka," ta ce wa Mounira. "Duk abin da ya rage. Duk duniya ba wanda ya haddace kiɗan nan sai shi."

"Madame, ba za ki ƙarasa ki rungumi babanki ba?"

Nevena ba ta ɗauke ido daga ƙeyar tsohon ba.

"Babana ya mutu a kurkuku ina ƙarama. Wannan ɗalibinsa ne, shi ya shigo da 'yan sanda gidanmu."