Tuffa a Cikin Tishu

Mma, mahaifiyata, tana aikin kula da wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Bronx. Ranar sabuwar shekararsu ba makaranta, sai ta tafi da ni, ga shi muna ƙarshen azumi. Da la'asar tsohuwar ta tsoma yankan tuffa a zuma, ta miƙa wa Mma.

"Ci, 'yata, shekararki ta yi zaƙi."

Mma ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a tishu. Magariba ta same mu a tsaye cikin jirgin ƙasa. Tuffar ta yi baƙi, tishun ya manne mata, amma da ita Mma ta buɗe baki, ta ce amin.

Yau ni ke wannan aikin, ƙafafuna a kumbure. Har yanzu muna jiran zaƙin.