Shekara Goma Ba Hatsari

Ofelia ta ja kwaɗon da ke murfin tankin ruwa, ta sake ja, sannan ta wuce duba ƙofar titi. Malaman makarantar renon suna ta hura balan-balan, suna kallonta ta wutsiyar ido.

"Kwaɗon nan dai ba ƙafa gare shi ba, Ofelia," in ji Malama Yolanda. "Zo ki kama mana kujeru."

Ofelia ta ci gaba da duba ƙofar. Mai shara ce kawai, amma duk unguwar nan ta garin Choluteca an san halinta. Ita ta sa aka mayar da maganin wanke bayi can saman kabad, ita ta hana shiga ɗakin yara da tukunyar wake mai zafi. Wani uba ya taɓa barin ƙofa a buɗe, ta bi shi har bakin mota ta wanke shi tas. Sau biyu iyaye suna neman a kore ta. Doña Herminia, mai makarantar, wadda kan sallami malama a kan lattin minti goma, sai dai ta ce a yi haƙuri, ta dukufa kan takardunta.

Ƙarfe goma wani jami'in ilimi ya iso daga babban birni, riƙe da takardar yabo a cikin gilashi. Ya ce ya bi rajistar makarantar shafi-shafi, shekara goma cif babu ɗalibi ko ɗaya da ya ji raunin da ya kai shi asibiti. Aka yi tafi.

Doña Herminia ta miƙe cikin sabuwar riga, ta ba da labarin yadda dabarar murfi da kwaɗo ta faɗo mata. Ta ce duk yaron da aka rubuta a littafin nan tamkar ita ta haife shi. Ta dubi kowa a wurin, ban da wadda ke tsaye a baya da bokiti.

Yolanda ta zunguri Ofelia. "Ke ko tafin ba za ki yi ba? Ai rabin takardar nan naki ne."

"Hannuna da sabulu."

Da aka watse, Doña Herminia ta ajiye takardar a kan benci kusa da Ofelia.

"A rataya ta bakin ƙofa, inda iyaye za su gani."

"To, Doña."

Ofelia ta nemo ƙusa da guduma ta rataya, ta daidaita ta, ta goge gilashin da gefen riga. Sannan ta tsaya tana karantawa a hankali, tana bin kalmomin da yatsa. Ba ta samu ƙarya ko ɗaya ba.

Tobías, ɗan shekara biyun da aka tsamo gawarsa daga tankin nan shekara tara da suka wuce, ba a taɓa rubuta shi a rajista ba. Ɗan mai shara ne, da take zuwa da shi aiki don ba ta da mai riƙe mata.