Minti Uku

A cunkoson Fagge yaron da ke cinyarta ya daina tari, ko sauti ba ya fitarwa. Tun daga Sabon Gari gyaɗa ta maƙale masa, shi ko shekara bai cika ba.

"Madam, ba hanya fa!" in ji mai adaidaita. "Ki yi wani abu!"

Ta buɗe waya. Ita ce ke tsara darussan intanet na ma'aikatan agaji a ƙasashe shida, har da na ceton wanda ya shaƙe. Ta danna bidiyon darasin, wata tsohuwar nas ta bayyana, tana nuna yadda ake yi wa babba, a natse.

"Mama, yi sauri don Allah," ta roƙi wayar.

Leɓen yaron ya fara baƙi.

"Saura na jarirai," in ji tsohuwar. Ta miƙa hannu za ta ɗauki 'yar tsana, sai tambarin ƙungiya ya rufe allon.

Ba sabis ne ya ɗauke ba. An ce kada darasi ya wuce minti uku, ita ce da hannunta ta yanke shi a nan, ko kallon sauran ba ta yi ba.