Titin da Ya Cika Ƙa'ida

Doña Eufemia ta tsiyaya wa ƙasa kofin farko na chicha, giyar masara, ta miƙa wa injiniyan ƙaramar hukuma na biyu.

"Duba da kyau, injiniya. Lahadi arba'in muna aikin gayya, kowane dutse da hannunmu muka jera shi. Ba kamar ragwayen layin ƙasa ba, su Tiburcia, da har yau suke iyo a taɓo."

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Injiniya ya auna faɗin titin, ya leƙa kwata, ya buga hatimi a takardarsa.

"Ya cika ƙa'ida, doña."

"To, saura ruwa," in ji Don Celestino, shugaban layin. "Ai wanda ya yi ƙoƙari shi ake fara dubawa. Yaushe za a ja mana famfo?"

Injiniya ya ajiye kofin bai sha ba.

"Ba wanda ya gaya muku? Doka ta hana a fasa sabon titi sai ya shekara goma. Bana layukan da ba a gyara ba za a ja wa."

"Shekara goma?" in ji Eufemia. "Ɗana, shekarata saba'in da huɗu!"

Bayan wata biyu ta gangaro da bokiti biyu, ko ɗigon taɓo babu a takalminta. Ta tarar da Tiburcia na wanke ƙafa a bakin sabon famfo.

"Dakata tukuna, doña," in ji Tiburcia. "Ragwaye ba su gama ba."