Gayyar Mashigin Hayi

Ummaru ya dire dutsen a bakin rafi, ya dafa ƙugu har numfashinsa ya dawo. Shekarunsa sun wuce na ɗaukar dutse, amma mai unguwa ya ce kowane gida ya fito da namiji, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidansa.

Ruwan damina ya cinye mashigin da ya haɗa ƙauyensu da Hayin Maɗaci. Tun lokacin babu abin hawa da ya ƙetare. Ga masara ta bushe a tsaye, gara ta fara hawanta. Magana ɗaya ce: in ba a gyara mashigin kafin Juma'a ba, ba mai karya masara bana. Bara ma ba a karya ba. Ummaru bai manta ba, domin kafin saukar ruwa da hannunsa ya sa jikarsa da yunwa ta kashe a rami.

Gayya ce, amma ba ganga, ba kirari. Matan gari ba su dama kunu ba, ba kuma wanda ya ce su dama.

"Baba Ummaru, wannan dutsen naka ai kaza ma ta ɗauka," in ji Awaisu mai tireda.

"Ubanka bai taɓa ɗaukar kamarsa ba."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Murtala tela yana cikin ruwa har gwiwa, yana jera buhunan yashi. Ya ɗago ya tambaya ko a ƙara faɗi.

"Faɗin babur aka ce," in ji mai unguwa. "Kada ka ƙara."

Ummaru ya dubi mutanen. Ya san uban kowa. Ga liman da shebur. Ga Sadiq, wanda ya goya matar maƙwabcinsa har asibitin Bakori tana naƙuda. Babu mugu a cikinsu. Wannan yashi kawai yake zubawa, wancan bakin buhu kawai yake ɗaurewa. Shi ma dutse ne nasa, in ya ƙi ɗauka wani zai ɗauka. Da ya gaya wa kansa haka sai dutsen ya ɗan yi sauƙi.

Bayan azahar matan Hayi suka sauko wanki a ɗaya gaɓar.

"Sannunku da aiki! Allah ya ba da lada!"

Ba wanda ya ɗaga kai. Sai ga Amatullahi, autar Ummaru da ke aure a can, ta tako sababbin duwatsun da goyo a baya da ƙwaryar fura a hannu.

"Baba, kun kyauta. Yanzu sai in riƙa leƙo ku ban jiƙa zane ba."

Ya karɓi ƙwaryar. Ya buɗe baki, mai unguwa ya yi gyaran murya. Kowa a nan yana da wani a Hayi, kuma kowa ya yi shiru tun safe.

"Ki zo gida ki kwana biyu," in ji Ummaru. "Innarki ba ta jin daɗi."

"Sai bayan girbi, Baba. Aiki ya yi mana yawa."

Ummaru ya ɗaga ƙwaryar. Ya kurɓi furar, ya miƙa wa liman. Liman ya ce ya ƙoshi.

Da la'asar aka gama. Murtala ya hau babur ya ƙetare, ya dawo, ko buhu ɗaya bai motsa ba. Aiki ya yi kyau. Mutane suka saɓa shebur suka kama hanya, ba mai duban ɗan'uwansa.

Ummaru ya zauna wanke ƙafa, don haka ya ji lokacin da mai unguwa ya hau kan suri, inda waya ke kamawa. Ya ji ya ƙanƙantar da murya yana gaya wa shugaban 'yan bindiga cewa an cika sharaɗi: a bar su su karya masararsu, hanyar Hayin Maɗaci kuwa ga ta nan an buɗe wa baburan yaransa.