Abin da Ruwan Alwala Ya Wanke

Ana kiran la'asar, yayar Munzali ta miƙo wa Sharifa buta. Yau saurayin nata ya fara kawo ta gidansu a Chanchaga, kuma sai da ta yi awa guda tana rufe jan da ke kumatunta da hoda.

Ruwa na taɓa fuskarta, hodar ta wanke. Jakarta kuwa, da sauran hodar a ciki, tana ɗaki, kusa da Yaya.

Tana ɗagowa, sai ga Munzali tsaye.

"Wallahi ba bilicin ba ne," ta ce. "Ciwo ne. Likita ya ce ba ya warkewa."

Ya dube ta.

"Na gani tun ranar da ruwan sama ya dake mu a tasha," ya ce. "Taso, tare za mu shiga."