Ɗari da Ashirin Bisa Tamanin

Rumaisa ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke ƙasar Gwandu, kuma Allah ya yi ta da son bin diddigi. Shekara bakwai tana karɓar haihuwa, tambaya ɗaya ta hana ta sakat: me ya sa jijjiga, ciwon nan da ke kayar da mai ciki idan jininta ya hau, take yawaita ga matan Masama da Malisa a lokacin bazara? Zafi ne? Ruwan sha ne? Ko kanwar da ake zuba wa kunu? Ta ishi kowa da tambaya, har wani likita ya gaji ya ce ta koma makaranta ta nemo amsar da kanta. Shi wasa yake yi, ita kuwa ta riƙe maganar.

Sai dai akwai wata al'ada a asibitin da mai yawan tambayar nan ba ta taɓa tambayar dalilinta ba. Ranar Talata ake awon ciki. Mata su kai saba'in, ma'aikata biyu, na'urar awon jini ɗaya. Wadda ƙafarta ta kumbura ko ta yi kukan ciwon kai, a auna ta. Sauran a taɓa ciki, a ba su maganin ƙarin jini, a bar gurbin awon jininsu a rajista babu komai. In wata ya zo ƙarewa, masu duba aiki na hanya, sai a fito da benci gindin darbejiya a cike guraben.

Farkon zuwanta ta ɗan yi turus, ta ce wa Indo, tsohuwar ma'aikaciyar jinyar da ta tarar a wurin, "Anti, me zan rubuta, alhali ba mu auna ba?"

Indo ta ce, "Ke ɗiyata, sa ɗari da ashirin bisa tamanin. Shi na awon mai lahiya. Haka munka iske ana yi. Mutanen ga gurbi babu komi ɗai suka ƙi gani."

Ta rubuta. Wata na biyu ba ta ko tambaya ba. Da yake hannunta ya fi na kowa kyau, aikin ma sai ya koma kanta.

Rumaisa ta haɗa digirin farko tana aiki. Daga baya ta sami gurbin digiri na biyu a jami'a, aka ba ta hutun karatu na shekara biyu, ta kama ɗaki a Kalgo, kusa da jami'ar. Shekarar farko ta yi zarra a ajinsu. Da aka zo bincike, malamar da ke duba aikinta, Dakta Dibora, ta saurari tambayarta har ƙarshe ta ce, "Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na nan a rajistarku. Kawo mini ta shekara biyar, mu ga yadda jinin matan yake hawa wata bayan wata."

Da murnarta ta nemi izini ta kwaso littattafai tara a cikin buhu. Wata huɗu tana kwafe su layi bayan layi. Ta ga lamba ɗaya tana maimaita kanta, amma ta yi ta ce wa ranta ai na gaskiyar ma suna da yawa.

Dakta Dibora ta duba aikin, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa.

"Rumaisa, mata dubu uku, kusan duk jininsu ɗaya? Damina da bazara, yarinya da mai haihuwa ta tara? Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce, Malama."

"A cikin masu wannan lambar, za ki iya ware mini waɗanda aka auna da gaske?"

Ba za ta iya ba. Biro ɗaya ne, hannu ɗaya.

Malamar ta jawo littafi na shida, ta ɗora yatsa a kan wani layi. Zulai, daga Malisa, ciki wata takwas, ɗari da ashirin bisa tamanin ranar Talata. A gefe an ƙara da jan biro: ta rasu ranar Alhamis, jijjiga.

"Wannan fa? Kin auna ta?"

Rumaisa ta tuna Zulai sarai, doguwa mai yawan dariya, wadda ta taɓa kawo mata gyaɗa a ƙulle a bakin zane. Ta tuna ranar da aka kawo ta a kan babur tana taune harshe. Abin da ta kasa tunawa shi ne ko ta ɗaura mata na'urar a wannan Talatar. Hawaye suka zubo mata, don ta san in da ta auna, da ba wannan lambar za ta gani ba.

Binciken ya rushe. Tattara sabon awo na buƙatar shekara guda cur, hutunta kuwa saura 'yan watanni, kuma ba a ƙara mata ko kwana ɗaya ba. Abokan karatunta suka sa rigar kammalawa, ita ta ɗaure littattafanta tara ta hau motar Gwandu. Ba digiri, ba amsa, sai sunan Zulai da ya zauna mata a rai.

Ya ku ma'aikatan jinya da ungozomomi, karatu mai zurfi ba ranar shiga jami'a yake farawa ba, a kan teburin awo yake farawa. Abin da ba ku auna ba kada ku rubuta shi: a yi muku faɗa kan gurbin da kuka bari ya fi ku cike shi da ƙaryar da za ta ci ran wata, ta kuma ci karatunku.